Jan Ƙwai a Gindin Randa

Tsufa ya ci mini abubuwa da yawa, amma ya kasa cin ranar da jan ƙwai ya kusa fitar da mu daga gidan haya a unguwar Kalley. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, mutane sai kwararowa Yamai suke yi, ɗaki ya yi wuya ƙwarai. Mu kuwa Allah ya dafa mana, muka samu ɗaya a gidan wata tsohuwa Bazabarmiya da kowa ke ce wa Inna.

Mijina yana tuƙa wa wata Nasara mato. Rannan ya shigo da dafaffen ƙwai guda a ƙunshe cikin takarda, ja wur. Na ce, "Malam, wace irin kaza ce ta yi wannan?" Ya yi dariya ya ce kaza ba ta da laifi, aikin kukun Madam ne. Na yanka shi biyu: gefe ja, ciki fari, gwaiduwa tana nan yadda Allah ya yi ta. Ga tsami, ga zaƙi. Ni kuwa haka aka halicce ni, in ban san yadda aka yi abu ba, ko tuwo ba ya mini daɗi. Na hana bawan Allah sakat sai da ya tambayo mini.

Ashe sirrin beteraf ne, wani abu mai kama da dankali da masu garka na bakin kogi ke nomawa saboda Nasaru, wanda in ka yanka sai ka duba ko yatsanka ka yanke, don tsabar jansa. Na dafa shi, na tace ruwan, na zuba binegar, ruwan tsamin nan na Nasaru, da sukari da gishiri da kanumfari, na sake tafasawa. Na ɓare ƙwai takwas na jera a kwalba mai faɗin baki, na juye ruwan a kai. Saura abu ɗaya: kuku ya ce sai ta yi kwanaki a firigo, akwatin sanyin nan. Firigo a ina? Na duba gidan kaf, babu wurin da ya kai jiƙaƙƙen yashin gindin randar Inna sanyi, randar da duk gidan ke sha. Da azahar kowa ya shige ɗaki, na tona na binne kwalbata. Ban gaya wa kowa ba, don dama matan gidan suna tsokanata wai ƴar ƙauye na son zama Madam.

Kullum da rana sai in tono, in ciro ƙwai ɗaya in yanka, in ga inda jan ya kai. Ranar farko da ƙyar ya shafi bayan. Rana ta uku ya ci rabin farin. Wallahi daɗi kamar ya kashe ni, so nake in ga ko zai taɓa gwaiduwar.

Rana ta huɗu ina dawowa daga kasuwa na jiyo salati tun daga ƙofa. Randa a farfashe, ruwa ya malale tsakar gida, ga kwalbata a tsakiya an yi mata da'ira, ba mai matsowa. Inna ce ta zo sake yashi ta ci karo da ita, nan take ta sa taɓarya ta fasa randar. Sai a lokacin na ga abin da idonsu ke gani. Ƙwai mai launin jini, a binne, ƙarƙashin ruwan sha! Ko ni na tarar da shi a gidanmu, asiri zan ce.

"Wadda ta yi wannan, kar magariba ta same ta a gidana," in ji Inna.

Ba wanda ya taɓa ganina ina tono. Idanu duk suka koma kan wata bazawara mai sayar da fura, wadda ta tare kwanan nan. Baiwar Allah ta fara rantsuwa tana kuka. Tsoro ya kama ni, na tuna wahalar da muka sha kafin mu samu ɗakin nan. Amma na kasa bari a kore ta a kan laifina.

"Inna, tawa ce. Abinci ne."

"Abinci? Abinci ake binnewa?"

Na tsuguna na buɗe, na yi bismilla na cinye ɗaya a gabansu. Suka zuba mini ido. Suna jiran in faɗi ƙasa. Na ɗauko ragowar beteraf a ɗaki na yanka, na goga a tafin hannuna. Inna ta matso, ta shinshina, ta ce, "Yanka wancan ƙwan in gani." Na yanka. Ta daɗe tana kallon gwaiduwar, sannan ta ce, "To, shi jan me ya hana shi shiga nan?" Na ce nima abin da nake bi ke nan. Wata ta fashe da dariya, saura suka bi.

Ba a kore mu ba. Amma da aka watse, na ga Inna ta durƙusa tana tsince katangar randar ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a zanenta. Na sa hannu, ta ture shi a hankali. Ta ce, "Bari, ɗiyata. Uwata ce ta gina ta da hannunta, da ita aka kawo ni gidan nan."

Mun saya mata sabuwa, ta karɓa ta sa albarka, amma har yau in na tuna durƙuson nan sai kunya ta rufe ni. Tun daga ranar na gane cewa in kana zaune da mutane, abin da ka ɓoye musu su za su fassara shi da kansu, kuma da tsoro za su fassara. Da na bari sun yi mini dariyar yini ɗaya, da randar tsohuwar nan ba ta fashe ba.