Motar asibiti ta zo ɗaukar Baba

Jama'a, yau motar asibiti ta zo ɗaukar Baba, kwana bakwai da rasuwarsa.

Kun san lambar nan da aka raba mana, wai kana tura saƙo na'ura za ta sanar da motar da ke kusa. Ranar da numfashinsa ya sarƙe, sau uku na tura. Shiru. A babur muka ɗauko shi daga Dudunni, ya cika kafin mu kai asibitin Kankiya.

Ɗazu ana sadakar bakwai, sai ga jiniya. Direban ya sauko riƙe da waya, ya ce, "Ina marar lafiyan? Yanzu sunansa ya fito mana."

Baffana ya nuna masa hanyar maƙabarta, ya ce, "Yana can, malam."

Direban ya kashe jiniyar, ya cire takalmi, ya zauna aka yi addu'ar da shi.