Ranar da Inna Ta Kama Sunan Surukinta

Mijin yayata ne ya kawo maganar sayen oba-oba, rediyon hannun nan da ake magana da juna ba sai da sabis ba, kuma ban musa masa ba. Muna jigilar kaya tsakanin ƙauyukan bakin tafki na ƙasar Ngaski da kasuwar Yelwa, ni da tsohuwar a-kori-kurata, shi da tasa. Da ka sauka daga kwalta, waya ta zama ado, ko ka hau bishiya ba za ka sami sabis ba.

A shago mai kayan ya nuna mana wasu ƙanana guda biyu, ya ce suna riƙe caji. Gogan naka ko kallo ba su ishe shi ba. Ya hango wata ƙatuwa mai dogon eriya irin ta sojoji, ya rataya a ƙugu, ya juya gaban madubi.

"Wagga ta yi," in ji shi. "Shi yaro ne, ba shi ƙaramar."

Mai shagon ya yi ta nanata masa cewa in ka danna maɓallin ka gama magana, sai ka saki, don muddin yatsanka na kai ba ka jin kowa. Ya ce ya sani. Komai ya sani, bawan Allahn nan. Da ganin kura an san ta ci akuya, mutumin da ko a zaure ba ya bari wani ya kai aya, shi aka miƙa wa abin da ke toshe bakin kowa. Tun daga ranar na zama mai sauraron gidan rediyonsa: gaisuwa, labarin shugaban direbobi, yadda ya taɓa tsallake rafi da giya ta uku.

Farkon damina muka je kwaso shinkafar rani ta Inna, mahaifiyarmu. Ita ce abincin gidanmu na shekara, Inna ta sha rana a kanta tun daga dashe. Ya ce motarsa ta fi ƙarfi, aka loda masa buhunan duka. Inna ta shiga tawa, domin shi mijin 'yar farinta ne, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa kama sunansa ba.

Ya wuce gaba yana zuba a oba-oba. Can muka ga wani mai babur jiƙe sharkaf yana ɗaga hannu. Ashe ya yi ƙoƙarin tsayar da gogan, shi kuwa ya fantsama masa taɓo ya wuce. Mai babur ɗin ya ce mana an yi ruwa a tudu, rafin gaba ya kawo, mashigar ta zabtare.

Na danna, na kira, na sake kira. Da na saki, sai muryarsa ta ci gaba da labarin giya ta uku. Na yi hon, ya yi nisa. Sai Inna ta fizge abar daga hannuna, ta danna, ta kama sunansa ƙarara.

"Ka tsaya! Don Allah ka tsaya, ruwa na gaba! Shinkafata!"

Ban taɓa jin tausayinta kamar lokacin ba. Tsohuwa ta ajiye kunyarta a gabana, shi kuwa yatsansa na kan maɓalli.

Mun tarar da shi tsaye a kan rufin mota, ruwa ya shanye buhunan, eriya na lilo, yana tambayata: "Mi ya hana ka kira ni?" Sai washegari aka sami tarakta ta ja shi. Sama ta ƙi buɗewa a shanya, shinkafar ta tsira a cikin buhu, sauran ta yi wari.

Har yau yana gaya wa mutane cewa ƙaramar oba-obata ce ba ta kai nisa. A waccan shekarar awo muka yi ta yi a kasuwa, mu da muka noma.

Da ya zo yi wa Inna jaje, ba ta shige ɗaki ba, ba ta ja mayafi ba. Tana zaune ta dube shi ido cikin ido, ta kira sunansa, ta ce ya matsa daga hasken, tana tsince abin da ya rage. Ya fito yana washe baki, yana ce mini yanzu Inna ta ɗauke shi ɗa.