Ai Gyara Ka Ce

A unguwar Sanyuanli ta Guangzhou akwai wani ɗan gidan abinci na Musulmin China, a hawa na biyu, inda muke haɗuwa bayan la'asar idan lokacin baje-koli ya zo. Teburin da ke jikin taga namu ne. Mai gidan ya gaji da roƙon mu rage murya, ya koma da ya gan mu sai ya dire butar shayi ya ja ƙofa. Musun mota muke yi, mu manya da gemu, wasunmu har da jikoki.

Ni ɗan fulogi takwas ne, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Motocin nan na Amurka masu ƙofa biyu da dogon bonet, masu ja da tayoyin baya, waɗanda in an tayar da su ƙirjinka ke riga kunnenka ji, su ne mota a wurina. Yanzu kuwa an fara ƙera su da ƙaramin inji mai fulogi shida, a liƙa masa turbo, wata aba mai kama da dodon-koɗi da ke cusa wa inji iska, a kuma sa tayoyin huɗu duk su riƙa ja. Babban mai kare wannan bidi'a wani Alhaji ne ɗan Maraɗi, mai sarin takalma a Zhanxi Lu, wanda ba ya jera magana uku bai sako "kat-kat" ba. Haka suke kiran mai ja da ƙafa huɗu a wajensu.

"Malam, ƙara ba gudu ba ne," in ji shi. "Taka tana tsaye tana kururuwa tana ƙona taya, kat-kat ɗina ta kai Damagaram."

"Alhaji, firiji ma ba ya ƙara. Hau shi ka tafi Damagaram ɗin."

In na saki irin wannan, wanda ke fara dukan tebur don murna shi ne aminina. Tun firamare muke tare. Bakanike ne, yana da gareji a Kano, daga baya ya shiga harkar kayan gyara. Sau biyu a shekara yake zuwa Guangzhou, ya sauka a ɗakina, in bi shi kasuwa ina yi masa tafinta, domin na daɗe a nan, Sinancina ya isa ciniki da faɗa. Duk teburin, mu biyu ne kawai a ɓangaren fulogi takwas, kuma ba a taɓa kayar da mu ba, don ba ma yin shiru.

Ba haka kawai nake wannan kafiya ba. Ina da irin motar, koriya shar, ta yayana ce marigayi. A mace ya saye ta a hannun wani Bature da zai bar ƙasa, ya yi shekaru yana tattalinta har ta tashi. Ni nake riƙe masa fitila da sifana. Da ya rasu aka zo rabon gado, na ce ita kaɗai nake so, har 'yan uwa suka yi ta mini kallon mai taɓin hankali. Da zan taho China na kai ta garejin aminina na damƙa masa makulli. Bara ya kira ni ya ce ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Na ce, "Don Allah gyara min ita." Ya ce, "An gama, mutumina."

A zuwansa na bazarar bana na lura ya yi sanyi a teburin. Na yi ta jifan Alhaji da magana, shi kuwa sai juya shayi yake. Na ɗauka gajiyar yawon baje-kolin Pazhou ce. Sai Alhaji ya zaro waya yana murmushin wanda ya daɗe yana jiran ranarsa.

"Yau musu ya ƙare. Ta Kano na biyo, abokinka ne ma ya kai ni filin jirgi. Dubi abin da hannunsa ya yi. Tsohuwar Amurka ce wannan, ya sa mata turbo, ya mai da ita kat-kat. Wallahi sai da hulata ta faɗi."

Na karɓi wayar ina shirin dariya. Koriya ce. Ga lotsewar nan a ƙofar hagu, wadda ni na yi ta da keke, na sha mari a kanta. Aka tayar da ita, ta yi wani ɗan fito siriri kamar butar shayi ta tafasa, ta zura a guje. Na sake kunnawa, na kara wayar a kunne, wai ko hayaniyar gidan abincin ce ta danne muryar. Ba komai.

Alhaji bai san tawa ce ba, shi murnarsa yake. Na ajiye masa wayarsa a hankali, na ce wa aminina, "Taso mu sauka." Muka tsaya a bakin wani shagon jakunkuna, masu tura kaya suna ta bangaje mu.

"Ina injin Yaya?"

"Tsaya ka ji, mutumina. Injin nan ya riga ya mutu. Kai da kanka ka zaga da ni kasuwar kayan mota, kowane laoban muka nuna wa hoto sai ya ce meyo. Ko ba a yi haka ba?"

An yi haka. Shago nawa muka shiga, kowane mai shago ya kaɗa hannu ya ce babu.

"Na samu wata da ta yi hatsari, sabuwa dal, na kwashe injinta da giyarta da komai na ƙasanta. Wata huɗu ina yanka ina walda. Duk Kano ba wanda ya taɓa yin irin wannan aikin. Ai gyara ka ce."

Nan ya tsaya, a kan kalmar nan, kuma har yau a kanta yake. Mu Hausawa mun ɗora wa gyara kaya da yawa. Tela ya yanke maka rabin riga ya ce gyara ya yi. A rushe soron kakanni a zuba siminti, a ce an gyara gida. Ni da na faɗa, nufina ya mai da ita yadda take. Shi ya ji an ba shi izinin ya mai da ita yadda yake so. Da abin ya tsaya a nan, da na ce rashin fahimta ne, in haɗiye baƙin cikina in yi shiru.

Amma sai na tuna kwalayen. A zuwansa na kaka ya ja ni wani shago can cikin lungu, ya sayi turbo sabo da bututansa da wasu ƙarafa, ya ce na wani kwastoma ne ɗan gayu. Ni na yi cinikin. Ni na yi ta masifa da laoban har ya sauko, ni na kinkimi kwali ɗaya a kafaɗa zuwa wurin masu lodi, ina tafe ina zagin kwastoman, ina cewa Allah wadaran mai lalata mota. Shi kuma yana dariya yana cewa amin. Da yamma muka hau teburin nan ya taya ni ragargazar Alhaji, ya daki tebur har shayi ya zube.

"In ka yarda gyara ne, me ya sa ka ce na kwastoma ne?"

Ya dubi takalmansa. "Na san ba za ka yarda ba."

"To ka san abin da na ce ke nan."

Na sake tambayarsa inda injin yake, don a raina ina cewa ko a kwance yake a kusurwar gareji, zan sa a mayar. Ya ce injin ya tare masa wuri, 'yan gwangwan sun zo sun ɗauka, sun fasa.

Ban zage shi ba, kuma ni mutum ne mai saurin baki. Abin ya wuce zagi. Cin amana ne, kuma abin da ya fi ƙona ni, da bakina da kafaɗata aka yi. Saura kwana shida ya koma. Baƙona ne, ban kore shi ba. Na bi shi kasuwa, na fassara abin da ya ce, ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. Teburin kuwa ban sake hawa ba. Na ji an ce Alhaji da ya gane abin da ya faru ya yi ta salati, har ya aiko mini da ban-haƙuri, shi da bai yi mini komai ba.

Bayan sati biyu na kira mahaifiyata. Idonta ya yi rauni, kusan komai da kunne take ganewa. Muka gaisa, sai ta ce, "Abokinka ya zo gaishe ni, Allah ya yi masa albarka. Wai yara suka ce da motar yayanka ya zo. Na ce musu ƙarya ne, in ita ce tun daga bakin titi zan ji ta." Sai ta ƙara da cewa, "Ka ce masa ran da ya samu sarari ya kawo ta, ya tayar min a ƙofar gida ko sau ɗaya ne. Na kwana biyu ban ji ta ba."

Na ce, "To, Hajiya."

Ta sake tuna mini sau biyu tun daga ranar, kuma har yanzu ban gaya mata ba.