Tarin Yaya Rifkatu, Shekara Bakwai Bayan Haka

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Rifkatu, mai bandar kifi a Sabon Gari, kuma har yau bakin danginmu bai zo ɗaya a kan abin da ya kashe ta ba. Likitoci sun ce ciwon daji ne na huhu. Baba Ayuba, ƙanin mahaifinmu, ya ce hannun mutum ne. Ni da na yi jinyarta ina tare da likitoci, amma ni ma ina da nawa zargin, kuma shekarun nan ba su rage shi ba.

Ita ta raine ni bayan iyayenmu sun rasu a ƙauyenmu, can kudancin Kaduna. Da kifin banda ta sa ni a makaranta har na zama malami a Samaru. Mace ce da ba a yi mata wayo. Idan dillali ya kawo mata kwandon kifi, sai ta zura hannu har ƙasa, domin a cewarta na sama ado ne. Rabin rayuwarta ta yi shi a tsaye bakin ganga mai hayaƙi, cikin wata rumfar kwano a bayan gidanta a Unguwar Gabas. Taba kuwa ba ta taɓa shiga bakinta ba.

Da busasshen tari abin ya fara. Da jini ya soma biyo majina, muka je wani ƙaramin asibiti kusa da gida. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga inuwa a huhun dama, aka ce tarin fuka ne. Gwajin majina bai nuna ƙwayar cutar ba, amma duk da haka aka ɗora ta a kan maganin wata shida. Ta riƙe maganin nan kamar ibada. Tafiya ta yi nisa, zanen da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa, sai ta ce da ni, "Yohanna, ruwa ba ya tsami banza. Ko dai maganin nan jabu ne, ko kuwa ciwon ba shi ba ne." Muka koma, aka ce ta yi haƙuri ta ƙarasa.

A nan nawa zargin yake. Ban ce wani ya nufe ta da mugunta ba. Tarin fuka ya yi yawa a cikinmu, kuma wanda ya saba ganinsa kullum shi zai fara kawowa a rai. Amma da ta daɗe tana shan magani ba sauƙi, me ya hana a tura ta gaba? Watannin nan su nake tuhuma, kuma babu wanda zan kai ƙara.

Kafin likitoci su gano sunan ciwon, unguwa ta riga ta raɗa masa sunaye. Aka ware mata kofi. Wasu suka dubi ramarta suka yi ta raɗa cewa ƙanjamau ne. A coci, matan da suka shekara suna waƙa tare da ita suka fara matsawa gefen benci. Masu sayen kifinta suka koma teburin da ke kusa, na Iya Bose, wata Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari da suka daɗe suna abota, suna kuma faɗa a kan 'yan ciniki. Da Baba Ayuba ya zo dubiya ya ji haka, ya kuma ji cewa Iya Bose kan aiko wa Yaya da farfesu, sai ya ce biri ya yi kama da mutum. Maganar ta zauna a zukatan dangi. Na kuma lura kwanon Iya Bose yana komawa daga wurin Yaya yadda ya zo.

Sai da ruwa ya taru a ƙirjinta, numfashi ya gagara, sannan muka dangana da babban asibiti. Wata likita ta zuƙe ruwan, ta sa aka yi hoton sikan mai nuna cikin ƙirji dalla-dalla, sannan ta ce tana so a tsakuro ɗan nama daga huhun da allura a duba. Yaya ta ƙi. Ta ji ana cewa idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya watsu, ta kuma zargi cewa da jikinta za a koya wa ɗalibai aiki. Likitar ta jawo kujera ta zauna, ta yi mata bayani dalla-dalla. Yaya ta kalle ta ta ce, "'Yar nan, da uwarki ce za ki bari a yi mata?" Likitar ta ce, "Mama, da uwata ce da tun jiya an yi." Sai ta yarda.

Sakamako ya ce daji ne, kuma ya riga ya kai ga ƙashi. Lokacin tiyata ya wuce. Aka fara yi mata ƙarin ruwan magani mai ƙarfi wanda ya zubar mata da gashi, daga baya aka gasa wurin da na'ura don a rage mata azaba. Na tambayi likitar dalili. Ta ce hayaƙin itace na shekaru yana iya sa hannu, amma ba wanda zai rantse, domin akwai waɗanda ciwon ke kamawa ba su taɓa zama kusa da hayaƙi ba.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, dangi sun cika ɗakinta har da Baba Ayuba, Yaya ta aika a kira Iya Bose, ta ce ta taho da farfesu. A gaban kowa ta karɓi kwanon, ta sha abin da cikinta zai iya ɗauka. Sannan ta ce, "Baba, zato zunubi ne. Ni ma na yi shi, kuma na ajiye." Iya Bose ta ce, "Rifkatu, har da ke?" Ta ce, "Har da ni. Shi ya sa na kira ki." Baba Ayuba ya ɗauki hularsa ya fita. Iya Bose kuwa ita ta riƙa yi mata wanka har ranar da ta cika.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Motoci masu lasifika suna yawo daga Dogarawa zuwa Chikaji da kwalbar da wai take narkar da daji a mako guda. A waya kuma kowa ya zama likita. Na tabbata da ta kore su da ludayi. Amma ko abin da yake na gaskiya ba zai tsira daga tambayarta ba. Kwanan baya na je wata cibiya da ke tallar binciken huhu tun kafin ciwo ya bayyana. Aka ce mini an tsara binciken ne domin manya da suka daɗe suna shan taba. Ke nan da tana raye ba ta cikin waɗanda za a kira. Kamar ina jin muryarta: "To mu da muka sha hayaƙin ganga fa?" Ana kuma labarin sababbin magunguna da ke bin irin dajin da mutum ke da shi. Ina murna da su, amma ban ga sun iso layin masu kifi ba tukuna.

Me ya saura daga gare ta? Baba Ayuba har yau ba ya amsa gaisuwar Iya Bose. Amma matan layin kifi da yawa sun fitar da gangunansu fili, kuma duk wadda tari ya ƙi saki, ba sa barin ta ta zauna a gida. Bara sun tasa wata a gaba har asibiti, aka tabbatar nata tarin fuka ne, ta sha magani ta warke.

Iya Bose ce ta ba ni labarin matar nan da na je gaishe ta makon jiya. Tana cikin dariya sai tari ya sarƙe ta, ya ɗan jima bai sake ta ba. Na zuba mata ido. Ta goge baki ta ce, "Kada ka kalle ni haka, ɗan Rifkatu. Mura ce. Litinin zan je a duba."

Ban yarda da ita ba. Litinin da safe, kafin ta hura wuta, ina ƙofar gidanta da mai adaidaita sahu.