Kyamara a Cikin Hijabi

Har yau ban manta da wata ranar kasuwa a Gashuwa ba. Ku da nake koya wa ɗaukar hoto, tun da kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake faɗa da duk wanda na ga ya ɓoye kyamara a jikinsa, to ku gyara zama ku ji. Ku 'yan yanzu kun taso kowa da waya a hannu yana ɗaukar kowa, har awakin gari sun saba. A lokacinmu abin ba haka yake ba.

A shekarun da tashin hankali ya yi tsanani a jiharmu, ina aiki a wani ɗan ofishi a Nguru da ke tara hotunan rayuwar gari don ajiyar tarihi: kasuwa, tasha, masu bandar kifi, 'yan dako, masu tura ruwa. Ni ce mataimakiyar mai ɗaukar hoto, wato matakin ƙasa, kuma ni kaɗai ce mace. Shugaban sashenmu Oga Yohanna ne, ɗan Filato, ya daɗe a Nguru har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Mutumin kirki ne, amma akwai abu ɗaya da ba ya sassauci a kai: hoton da mutum ya san ana ɗaukarsa, a wurin Oga ba hoto ba ne.

"Rakiya," yakan ce mini, "mutuminmu da ya ga kyamara sai ya gyara hula ya murtuke fuska kamar za a yi masa fasfo. Ni kasuwa nake so, ba layin 'yan fasfo ba."

Shi ya sa ba ma fita titi da manyan kyamarori. Ƙanana muke riƙewa, irin waɗanda ba su wuce sabulun wanka ba. Oga da kansa yake naɗe su da baƙin salatif, ya rufe ƙyallin jikinsu da 'yar jar fitilar da ke gaba, don kada su ja ido. Maza suna saka tasu a aljihun gaba. Ni kuwa sai aka ga na fi kowa sa'a. Tela ya yi wa hijabina 'yar ƙofa daidai ƙirji, ya daje bakinta, na rataya kyamarar a wuya ta ciki, idonta yana leƙowa ta ƙofar, hannuna na dama yana ciki a kan maɓalli. Ina tafiya kamar kowace mace mai cefane, ina ɗaukar abin da na ga dama. Hotunana suka fi na kowa kyau, ni ma har kaina ya fara girma.

Da ruwa ya ja baya kifi ya cika kasuwa, Oga ya tura ni Gashuwa ni kaɗai. A lokacin an kewaye kasuwar, sai ta ƙofa ake shiga, 'yan sintiri suna caje kowa da sandar nan mai ƙara in ta ji ƙarfe. Ƙa'idar ita ce maza su caje maza, mace ta caje mata a cikin wata 'yar rumfa. Ni kullum a rumfar nake fito da kyamara in nuna wa matar tare da katin aiki, sannan in wuce.

Da hantsi na isa. A bakin ƙofa na tarar ana sauke kwalayen banda daga wata babbar mota, hasken ya faɗo wa 'yan dakon yadda nake so, sai na kunna kyamara na fara aiki. Ban ankara ba jama'a suka turo ni cikin layi. Ashe mai caje matan ba ta zo ba ranar, an ce ɗanta ba lafiya, don haka wani ɗan sintiri ne yake wuce wa mata da sanda daga ɗan nesa, ba tare da ya taɓa su ba. Da ya zo kaina sandar ta yi ƙara a ƙirjina. Ya sake wucewa, ta sake yi. Ya sunkuyo ya duba, ya ga baƙin abu naɗe da salatif yana leƙensa ta cikin hijabi, ga hannuna a ciki.

Sandar ya yar, ya kurma ihu: "Tana ɗauke da shi! Ku gudu!"

Ban taɓa ganin wuri ya watse haka ba. Kwalaye suka zube, mata suna jan 'ya'yansu, takalma ko'ina a ƙasa. Kafin in buɗe baki na ga ni kaɗai ce tsaye a tsakiyar fili, mutane sun yi da'ira can nesa, sun laɓe bayan motoci da buhuna. Wasu sun fara tsintar duwatsu. Ku tuna a lokacin an sha jin labarin 'yan matan da ake ɗaura wa abin a jiki, a sa musu hijabi a turo su cikin taro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shugaban 'yan sintirin, wani maharbi mai furfura da suke kira Kwamanda, ya durƙusa bayan tayar babbar motar ya saita ni da bindiga.

"Kada ki motsa! Wallahi hijabin nan ya motsa sai na sake ta!"

"Baba, kyamara ce," na ce. Muryar da ta fito ko ni da ƙyar na ji ta.

"Me ta ce?"

"Kyamara ce, Baba! Hoto nake ɗauka! Katina yana cikin jaka!"

"Fito da hannunki!" wani ya yi tsawa daga gefe.

"Kada ta fito da shi!" in ji wani. "A hannun abin yake!"

Kun ji inda na tsaya. In na fito da hannu, hijabi ya motsa. In na bar shi, suna ganin yatsana yana kan abin tayarwa. Babu namijin da zai matso ya ɗaga wa matar mutane hijabi, ko da babu tsoro, balle ga tsoro. Dutse na farko ya faɗo kusa da ƙafata. Kwamanda ya daka wa mai jifar tsawa, ba don tausayina ba, don kada dutse ya tayar da abin.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban san akwai shi ba. Gwiwoyina suna rawa, ina roƙon su su tsaya, don rawar tana kaɗa hijabin. Na nemi addu'o'in da na haddace tun ina islamiyya, duk suka gudu, sai Innalillahi kawai nake maimaitawa. Na tuna mahaifiyata a Nguru, ko sallama ban yi mata ba da zan fito don tana lazimi.

Sai kuma na tuna wani abu da ya fi bindigar tayar mini da hankali. Waɗannan ƙananan kyamarorin, in aka bar su a kunne ba a taɓa ba na ɗan lokaci, da kansu suke mutuwa. In za su mutu kuwa, idon nan da ya fito waje sai ya ja da baya ya shige ciki, da 'yar ƙara kamar ta injin aski. A hayaniyar kasuwa ba mai ji. Amma yanzu wurin ya yi tsit, kuma idon kowa yana kan ƙirjina. In abin ya motsa da kansa ya yi ƙara, ba wanda zai tsaya tambaya. Dabarar hana shi ita ce in ɗan taɓa maɓalli, amma yatsuna sun mutu, ban ma san inda suke ba.

Ina cikin wannan hali sai na ga wata tsohuwa ta fito daga bayan kwalaye. Gajeriya ce, baƙa, da tsagar Barebari a fuska, zaninta duk man kifi. Daga baya na ji banda take sayarwa a bakin ƙofar.

"Ya Bintu, koma!" in ji Kwamanda. "Kin haukace ne?"

"Kai dai riƙe bindigarka," ta ce da Hausarta mai nauyin Barbarci. "Mace ce. Mace za ta duba ta."

Ta taho a hankali tana jan silifa, ta tsaya daidai tsakanina da bakin bindigar. Har warin hayaƙin banda nake ji a jikinta.

"'Yata, dube ni. Wani ne ya ɗaura miki?"

"A'a, Ya. Wallahi kyamara ce."

"In wani ne ya ɗaura miki, faɗa mini. Ba laifinki ba ne."

"Kyamara ce, Ya."

Ta kai hannu ta kama gefen hijabina. A daidai lokacin kyamarar ta mutu. Idon ya ja ciki, ƙarar ta fito, na ji ta har cikin haƙorana. Tsohuwar ta ji, ta kuma ga motsin, don fuskarta tana daf da wurin. Ta runtse ido ta yi kalmar shahada a fili. Na jira ta saki ta ruga, in ta ruga kuwa tawa ta ƙare. Ba ta saki ba. Ta buɗe ido, ta ɗaga hijabin ta cusa kanta ciki yadda ba namijin da zai ga jikina, ta ɓamɓare yatsuna daga kan kyamarar, ta zare igiyar daga wuyana. Sannan ta juya ta ɗaga ta sama.

"Ga bom ɗinku! Abin hoto ne, irin na 'yan biki!"

Na zauna daɓas a ƙasa.

Sauran abin da ya biyo baya na ƙa'ida ne. Kwamanda ya sa na ɓare salatif ɗin a gabansa, na kunna na nuna masa hotunan 'yan dako. Aka kai ni wurin jami'an tsaro, aka kira Oga Yohanna a waya, ya taso daga Nguru ya zo ya yi bayani ya ba da haƙuri. A mota muna komawa, da muka wuce Jajimaji, sai ya ce, "Rakiya, ni na naɗe abin nan da hannuna." Washegari ya tara kyamarorin sashen duka ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Da kasuwa ta zagayo na koma Gashuwa don in yi wa Ya Bintu godiya. Na same ta tana jera kifi a faranti. Na ce, "Ya, ke ba ki ji tsoro ba?"

Ta yi 'yar dariya. "Har yau abinci bai zauna mini a ciki ba."

"To me ya fito da ke?"

Ta kore ƙuda daga kan kifin. Ta ce tana da 'ya, Yagana, sa'ata, a nan ƙofar take taya ta ciniki kafin a kai ta aure wani gari. Wata rana ta tafi kai wa mijinta abinci kasuwa, ta rufe kular abincin da hijabi saboda ƙura. Wani ya yi ihu.

"Tana ta faɗa musu tuwo ne," in ji ta. "Ba wanda ya matsa ya duba."

Nan na gane kashe ta aka yi. Ita ce ta ci gaba.

"An ce kun daɗe kuna ɗaukar mutanen kasuwar nan ba su sani ba. Ko kun taɓa ɗaukarta? Ni ko hotonta ba ni da shi."

Na koma ofis na faɗa wa Oga. Muka zauna ni da shi muka tace duk hotunan Gashuwa da ke ajiye, muka wanko duk wanda akwai budurwa a bakin ƙofar kifi, na kai mata. Ta goge hannu a zani, ta duba su ɗaya ɗaya, tana kai kowanne kusa da ido. Babu Yagana. A ƙarshe ta ware wani, wata yarinya ce ta ba da baya, da faranti a ka, hannu ɗaya a ƙugu.

"Ba ita ba ce," ta ce. "Amma haka take tsayuwa. Bar mini wannan."

To kun ji. Mutanen da suka tsinci duwatsu ranar ba mugaye ba ne. Na ga fuskokinsu, tsoron da ke cikina shi ne a cikinsu. Mu ne muka shiga cikin mutane masu fargaba da abu a ɓoye, muna cewa sana'a ce. Hoton titi yana da amfani, na ga amfaninsa a hannun tsohuwar nan, don haka ban ce ku daina ba. Amma ku rataya kyamara a waje inda kowa zai gan ta, ku yi sallama, ku zauna har a gaji da ku a manta kuna wurin, sannan ku ɗauka. In ba ku iya wannan haƙurin ba, ku ajiye mini kyamarata a kan tebur. Ba kowace ƙofar kasuwa ce ke da Ya Bintu ba.