Fastar Baba da Sandar Mashigi

Ni dai har gobe, in aka nuna mini manhajar waya mai ƙyalƙyali wadda sai mutum ya yi ta lalube kafin ya ga inda zai danna, raina ɓaci yake yi. Tsara manhajoji ne sana'ata, kuma abokan aikina suna cewa na cika ƙorafi. Ba laifina ba ne, gado na yi, na kuma san ranar da na gaje shi.

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki ina 'yar shekara tara, muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Baba ya ajiye aikin gwamnati, ya sayi tsohon injin buga takardu ya kafa a wani ɗan shago a Tarauni. Wata da watanni ba abin da ya buga sai katin biki da kalanda. Umma har ta fara zancen a sayar da injin tun yana da daraja. Ana cikin haka wani tsohon malamin firamare da ya fito takarar kansila ya kawo aikin fasta. Kowa a gidan ya san cewa in wannan aikin bai jawo wani ba, shago ya rufu.

Kakata Inna Dije, mahaifiyar Baba, wadda na ci sunanta, ita ke da tsakar gida bayan magariba. Takan hura gawayi a kasko tana gasa mana masara, mu kewaye ta, har da 'ya'yan Maman Rifkatu maƙwabciyarmu, waɗanda ba sa yarda tatsuniya ta wuce su. A irin wannan zama Baba ya shigo da fastar da ya buga, yana ta washe baki. Gaskiya ta yi kyau. Ga hoton ɗan takara an kewaye shi da furanni, ga rubutu kala uku, ga alkawura a jere da Turanci da Hausa. Alamar jam'iyya kuwa tana can ƙasa a lungu, ba ta fi kwabo girma ba. Alhali a takardar zaɓe alamar nan kaɗai irin su Inna, da ba su yi boko ba, za su nema su dangwala.

Inna ta karɓa, ta kai nesa, ta matso da ita, ta juya. Ta ce, "Madalla," ta ajiye. Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi masa gyara a gaban yara. Sai ta juyo gare mu.

"Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Muka amsa, "Ta zo, idonmu biyu."

Ta ce wani gari ne a bakin kogi, wuri guda tak ake iya ƙetarewa da ƙafa. Mutanen gari suka roƙi gwanin masassaƙinsu ya yi musu alamar da za a kafa a mashigin. Gwani ya shiga ɗaki wata bakwai yana sassaƙa sanda. Ya zana mata ƙadangare, ya zana tsuntsu, tsuntsun ma har da gashin ido. Da rani aka kafa ta cikin ciyawar bakin ruwa, mutane suna zuwa har daga ƙauyuka su durƙusa su kalla. Da damina ta sauka, ciyawa ta tashi ta shanye sanda. Ranar kasuwa mata suka dawo da kaya a ka, ruwa ya kawo iya ƙugu, aka duba gabas aka duba yamma, ba sanda ba labarinta. Shi kansa gwanin da ya ce ya san wurin, jakinsa ya zurma, gishirin da ya ɗauko ya narke tas. Sai wata tsohuwa ta cire farin ɗankwalinta, ta ɗaura a kan doguwar gora ta kafa. Kowa ya hango, kowa ya haye.

"Wanda ruwa ya kawo wa ƙugu ba ya kallon gashin idon tsuntsu," in ji Inna. "Ƙurunƙus, sauran yana bakin kogi."

Duk wannan lokaci Baba yana kan benci, wai gyaran rediyo yake yi. Inna ta ɗaga fastar ta dube ni. "Takwara, ke da kike boko, in na shiga rumfar zaɓe, furen nan zan dangwala wa?"

Muka fashe da dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye rediyon, ya ce, "Inna, na ji."

Damin fastar da ya riga ya buga da shi muka yi sati muna hura gawayi. Ya sake sabuwa: alama ƙatuwa kamar faifai, fuska, suna, shi ke nan. Ya liƙa ta a ƙofar zaure, ya ce in tambayi Inna ko tana gani daga inda take zaune. Ta ce tana gani, har na bayanta ma suna gani. Ɗan takarar ne ya so ya tada rigima, yana cewa, "Malam, ina alkawurana?" Baba ya ce, "Ka faɗe su da bakinka, ai ka iya magana."

Ranar zaɓe na ga abin da idona. Mata a layi sun ɓanɓaro fastar Baba daga bango, sun ninke a bakin mayafi, domin in sun shiga su gwada alama da alama. Malamin firamare ya ci. Kafin zaɓen da ya biyo baya, 'yan takara har daga Hotoro da Darmanawa suna layi a ƙofar shagon, injin nan yana ruri tun safe. Umma ba ta ƙara zancen sayarwa ba, ita ce ma mai kai wa ma'aikata abinci.

Yau in mun gama manhaja, ba na yarda a miƙa ta sai an kai wa wata dattijuwa mai tsohuwar waya, an ba ta, kowa ya yi shiru. In ta yi tambaya, mu muka kasa, a koma a gyara. Na rasa wasu masu ba da aiki saboda wannan taurin kai, amma waɗanda suka tsaya su ne suke turo mini wasu. Kwalliya ba laifi ba ce, ina son ta. Sai dai yawancin masu riƙe da waya suna cikin sauri ne, ga ɗa a baya, ga rana, ga caji na ƙarewa, kuma ba su zo kallon gwanintarmu ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yammacin da aka faɗi sakamako. Baba ya shigo da turmin atamfa, ya durƙusa ya ajiye a gaban Inna. Ta kau da kai kamar kullum, tana juya masara. Can ta ce, "Takwara, ki gaya wa mai injin nan aikinsa ya yi."

Na juya zan isar da saƙo, sai na ga ba buƙata. Baba, mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar, yana share ido da hannun riga, yana murmushi kamar yaron da ya zo na ɗaya a aji.