Zakin gaban motar Baba

Baba ya tsaya yana shafa tambarin zakin da ke gaban tsohuwar motarsa, ni kuwa ina gefe ina kallonsa.

Ni na karya na asalin a hanyar Bena, ranar da na ɗauki motar bai sani ba. An daina yin irinsa tuntuni, sai wani mai zubin tukwane a kasuwar Zuru ya zuba mini sabo.

Baba tsohon soja ne, shirunsa ya fi faɗansa ban tsoro.

"Wanga ba zakina ba ne. Wa ya yi shi?"

Na faɗi gaskiya.

"Kai ni wurinsa. Abokina Sajan ya daɗe yana neman irinsa."

Har yau bai tayar da maganar ɗaukar motar ba. Jama'a, na tsira ne, ko jira yake?